Murjanina ya yi fari, maiɗakina ta yi fushi: wace fitila zan sa wa akwatin kifin teku?

Tambaya

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, ina zaune a Sabon Gari nan Damagaram da maiɗakina da yara uku. Tun da na je Umara na ga kifayen Bahar Maliya a akwatunan gilashi a Jidda abin ya shiga raina. A watan Disamba na haɗa nawa a falo: tsawonsa mita 1, faɗi santimita 40, zurfi santimita 50. Na zuba gishirin teku na bokiti, da yashi, da duwatsu, na sa kifaye biyu masu ruwan lemu da farin zane, irin waɗanda yara ke gani a katun. Daga baya wani abokin harka ya kawo mini murjani uku ta Kano, biyu masu rassa masu tauri, ɗaya mai laushi mai kama da laimar kwaɗi.

Fitilar da na ɗora farar LED ce mai wat 50, irin wadda ake haska ƙofar shago da ita. Ina kunna ta da asuba, ba na kashewa sai sha biyun dare, don ita ce ke haska mana falon. Yanzu gilashi da yashi sun yi ruwan ƙasa, kullum cikin guga nake. Masu rassan nan biyu kuma tun shigowar Maris sun yi fari fat. Abokina ya ce hasken ne bai isa ba, yana da wata babbar fitila ta hannu, metal halide mai wat 250, zai bar mini da araha. A intanet kuma na ga wata shuɗiya da za ta kai jika 350 kafin ta iso.

Maiɗakina ta ce ga kuɗin makarantar yara, ga kuɗin wuta, ga ruwan da muke saye wurin 'yan garuwa, in na sake zuba kuɗi a cikin gilashin nan to na nuna mata matsayinta. Kwana biyu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yaya, wacce zan saya a cikin biyun, kuma yaya ake kafa ta?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba da kasuwa, ya raya zuri'a.

Kada ka sayi ko ɗaya a cikinsu. Ta abokinka za ta ƙarasa abin da ya rage da rai a akwatin, ta intanet ɗin kuma an ƙera ta ne don irin murjanin da falonka ba zai iya riƙewa ba a yanzu. A garin nan, mai zaɓen fitilar akwatin teku yana fara tambayar zafin da za ta ƙara wa ruwa ne, sannan yadda za ta yi in an ɗauke wuta. Ƙarfin haske shi ne na uku.

Amma kafin mu kai ga saye, akwai abin da ba ya jiran gobe. Daga asuba zuwa sha biyun dare awa 18 ke nan ko fiye, kuma babu murjanin da rana ke tsayawa a kansa haka a teku. Yau ɗin nan ka mayar da su awa 6. Ka ɗaga fitilar ta yi nisan santimita 30 daga saman ruwa, ka sauko da murjanin duka ukun can ƙasa kusa da yashi, inda dutse zai ɗan yi musu inuwa. Ka sayo wa falo ƙwan fitilarsa daban. Kifi ba shi da fatar idon da zai rufe, duhu ne kaɗai ke ba shi hutu. Sannan ka nemi ma'aunin zafin ruwa. Ba na farmasi ba, wancan don jikin mutum aka yi shi, ba ya karanta ƙasa da digiri 32. Ka je wurin masu gyaran firigo, suna da wani ɗan ƙarami mai waya da ake tsoma bakinta a ruwa. Ka riƙa rubuta abin da ya nuna da asuba, da la'asar, da lokacin kwanciya. A wasiƙarka ka faɗa mini tsawo da faɗi da wat da farashi, ba ka faɗi zafin ruwan ba, alhali ita ce lambar da ta fi duk sauran nauyi.

Ga dalili. Murjani mai rai dabba ce, ko da yake ido na ganinsa kamar dutse. A cikin naman jikinsa akwai wasu ƙananan tsirrai dangin gansakuka, miliyoyinsu, waɗanda masana ke kira zuzantele. Su ne ke karɓar haske su haɗa abinci, su ci su ba mai masaukinsu, kuma mafi yawan abin da murjani ke rayuwa a kai daga wurinsu yake fitowa. Launin ƙasa-ƙasan da ka gani a jikinsa ran da aka kawo shi, yawanci nasu ne. In zafi ya yi yawa, ko haske ya fi ƙarfinsu, balle a ce abin ya haɗu biyu, sai aikinsu ya rikice su fara fitar da abin da ke ƙona naman murjanin, shi kuwa ya kore su. Da sun fita sai naman ya koma garau, ka riƙa hango farin ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Farin da kake gani ke nan. Murjanin da haske ya yi wa kaɗan ba haka yake farawa ba: duhu yake ƙarawa, ya daina girma, a hankali cikin makonni. Abokinka ya ga ciwon, amma maganin da ya kawo ƙara shi zai yi.

A teku ma haka abin yake, kuma ba sai zafin ya yi wani yawa ba. Digiri 1 kacal a kan abin da ruwan wurin ya saba kaiwa a watan da ya fi zafi, in ya ɗore makonni, ya isa. Haka babban shingen murjanin nan na gabar Ostareliya ya yi fari a 2016 da 2017 a jere, kuma a Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da cewa a karo na huɗu irin wannan fari ya game tekunan duniya. Masu kiwon murjani a gida suna riƙe ruwansu tsakanin digiri 24 da 26. Digiri 28 ana lallaɓawa. Daga 30 zuwa sama an shiga haɗari. To ka duba kalandarka: ka haɗa akwatin a Disamba, cikin sanyi, komai lafiya lau, farin bai bayyana ba sai da hunturu ya ja jiki. Ga Afrilu da Mayu na tafe, lokacin da zafin rana a Damagaram ke haura digiri 40, bangon siminti ya wuni yana shan rana ya kwana yana amayar da ita. Ruwan da ke zaune a falon da ba kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, zafin falon yake bi.

Kada kuma abin da ka gani a Jidda ya ruɗe ka. Murjanin Bahar Maliya ya fi na wurare da yawa jure zafi, wannan gaskiya ne, amma wanda ke yawo a kasuwa yawanci daga Indonesiya da Ostareliya yake fitowa, kuma irin akwatunan da ka tsaya kallo akwai injunan sanyaya ruwa a bayan bangonsu.

Yanzu fitilar abokinka. Ba zan kushe ta ba. Shekaru da yawa ita ta ja ragamar wannan harka, murjani kuma na girma sosai a ƙarƙashinta, a ƙasashen da ake kunna hita a ɗaki. Amma ɗauki biro. Wat 250 na awa 8, kilowat 2 ke nan kullum, 60 a wata, duk a kontarka. Akwatinka lita 200 yake ci. Ɗaga zafin lita 200 da digiri 1 yana cin wat kusan 230 na awa guda. Ko da kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na wutar fitilar ya shiga ruwa, ka ƙara masa digiri 2 kullum, sauran kashi ukun kuma a falon za su tsaya, inda iyalinka ke zaune. Ruwan da ke 29 ya koma 31. Ga shi ƙwan na hannu ne. Irinsu suna tsufa, launin haskensu ya canza tun ba su mutu ba, shi ya sa ake sauya su kusan duk shekara, sabon kuma sai an yi maka odarsa daga nesa. In wuta ta ɗauke ta dawo, ba ta kamawa nan take, sai ta huce na wasu mintuna. In ruwa ya fantsama a ƙwan yana da zafi, yana iya fashewa. Araha ba ta ado. Wannan ma har kifi take kashewa.

Ta jika 350 kuwa ba ta da laifi, sai dai ba taka ba ce tukuna. Masu wannan harka ba da wat suke auna abin da murjani ke samu ba, da wani ma'auni ne da ake kira PAR, wato yawan hasken da tsiro zai iya amfani da shi wanda ya sauka a daidai inda murjanin yake zaune. Masu laushi tsakanin 50 da 150 ya ishe su, naka ɗin ma can ƙasa-ƙasan wannan ya fi so. Masu rassa masu tauri su ne ke neman 200 zuwa 400, kuma ba haske kaɗai ba: suna son ruwan da zafinsa da gishirinsa da kalsiyam ɗinsa ba sa motsi, a akwatin da ya daɗe da kafuwa. Don su aka yi waɗannan manyan fitilu. In ka saya, a kashi 30 cikin 100 za ka riƙa kunna ta, sauran ƙarfin ka biya kuɗinsa ne ka ajiye. Wanda ya kawo maka masu rassa ga akwatin da bai cika wata uku ba, bai yi maka adalci ba.

To wacce? Ya danganta da abin da za ka ajiye. In kifi ne kawai, su ba ruwansu. Duk hasken da zai sa ka gan su, su ma su ga abincinsu, ya wadatar. In kana son ci gaba da murjani mai laushi, ka nemi fitilar LED da aka yi don ruwan teku, doguwa mai santimita 90 zuwa mita 1, mai wat 40 zuwa 60 gaba ɗaya. Doguwa na ce, don masu zagayen nan a tsakiya suke zuba haske, faɗin kamar santimita 60, su bar gefe da gefe a duhu. Akwatin mita 1 sai da guda biyu. Dogayen ƙwayayen T5 suna baza haske da kyau, amma kusan duk shekara ake sauya su, ga shi gilashi ne da zai biyo mota daga Kano. Ka bar su.

Yawancin ƙwayoyin fitilar su zama shuɗi. Ruwa yana shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, shuɗi ne ke nutsawa can ƙasa, kuma tsirran cikin murjani da shi suka fi aiki, musamman wanda ke tsakanin nanomita 420 da 470 a ma'aunin launin haske. A jikin kwali za ka ga lamba da harafin K. Fitilar ƙofar shago irin taka yawanci 6,500K ce, farin hasken tsakar rana, wanda ya fi dacewa da tsirran ruwan daɗi. Na teku daga 10,000K suke farawa, da yawa suna tsakanin 14,000K da 20,000K, lambar na hawa hasken na ƙara shuɗi. Akwai tarko a nan da ke kama kusan kowa: idon ɗan Adam ba ya ganin ƙarfin shuɗi yadda yake ganin na fari da kore. Za ka kunna ka ga akwatin da duhu-duhu, hannunka ya kai ga maɓallin ƙari, alhali murjanin can ƙasa ya riga ya ƙoshi. Manhajojin auna haske na waya ma irin idonmu gare su, suna tauye wa shuɗi lissafi.

Sauran sharuɗɗan, garinmu ne ya gindaya su. Ta zama ana iya rage ƙarfinta, fari daban shuɗi daban. Ta zama mai bayan alminiyam mai tsaga-tsaga da ke fitar da zafi da kansa, ba mai 'yar fanka a ciki ba. Ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta toshe fankar, daga nan ƙwayoyin su riƙa dahuwa har su dushe. A jikinta a ga IP65 ko sama da haka, alamar feshin ruwa ba ya shiga. Cajarta ta zama mai karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, ka bi da ita ta regilater mai daidaita ƙarfin wuta, ka kuma sayi ta biyu ka ajiye, don ita ke fara mutuwa. Sai wani gwaji kafin ka biya, in daga nesa ne mai kayan ya ɗauko maka a bidiyo: a rage fitilar zuwa kashi 30, a zare waya daga soket, a mayar. In ta dawo a 30, madalla. In ta dawo da cikakken ƙarfinta, ka bar musu kayansu. Wata rana za a ɗauke wuta kana kasuwa, a dawo da ita, fitilar ta wuni tana gasa murjaninka ba wanda ya lura.

Wajen kafawa, ka rataye ta daga sama ko a ƙarfen da aka kafe a bango, santimita 20 zuwa 25 daga ruwa. Kada ka ɗora ta a bakin gilashi a gidan da ke da yara uku. Soket ya zama a gefe, inda ruwa ba ya fantsama, kuma kowace waya ka bar ta ta sauka ƙasa da soket ɗin ta lanƙwasa kafin ta hau, yadda ɗigon da ya biyo ta zai faɗi a ƙasa. Ruwan gishiri ya fi na famfo ɗaukar wuta nesa ba kusa ba, ga hannunka kullum a ciki. Ka kira mai aikin lantarki ya sa maka diferansiyel mai miliamfa 30 a layin, wato na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, ya tabbatar akwai wayar ƙasa. Nan ba wurin tsumulmula ba ne. In akwai murfin gilashi ka cire shi, yana tare zafi, gishiri kuma ya bushe a jikinsa ya tare haske. Ka sa ragar roba mai manyan idanu, don kifayen nan sukan yi tsalle. Duk mako ka zare wuta ka goge fuskar fitilar da tsumma mai ɗan danshi. Akwatin ya nisanci taga da bangon yamma.

Agogo ne zai riƙa kunnawa da kashewa, ba hannunka ba. Ka sayi mai lambobi da ɗan batir a cikinsa. Mai juyawar nan tsayawa yake duk lokacin da aka ɗauke wuta, kafin mako ya zagayo sai ka tarar yana kunna maka fitila da tsakar dare. Awa 8 a rana ya isa: shuɗi ya fara shi kaɗai na awa ɗaya, fari ya shigo, sannan shuɗi ya rufe da awa ɗaya. Murjani bai san ƙarfe nawa ba ne a waje, a dai riƙa yi masa abu ɗaya kullum, saboda haka ka ja lokacin zuwa sadda kuke gida: 3 na rana zuwa 11 na dare. Da bazara ka mayar awa 6, daga 6 na yamma zuwa 12. Ran farko ka fara da kashi 30, duk mako ka ƙara 5, idonka a kan mai laushin nan. In ya baje ya kwanta a kan dutse, ya ji daɗi, ka tsaya nan. In ya miƙe sama gefensa ya ɗago, yana neman ƙari. In ya tsuke ya koɗe, ka koma baya. Ƙarancin haske makonni yake ɗauka kafin ya yi illa, yawansa kuwa 'yan kwanaki.

In an ɗauke wuta, ka manta da fitila. Murjani yana kwana biyu, uku a duhu ba abin da ya same shi. A teku ma ana yin hadari. Tsayuwar ruwa ce ke kisa. Ruwa mai ɗumi iskar shaƙa kaɗan yake riƙewa, mai gishiri ya fi ƙaranci, in injin kaɗa ruwa ya tsaya da zafin la'asar kifi na iya galabaita cikin 'yan awowi. Batir mai bolt 12 da amfa 100, in rabinsa za ka riƙa sha don ya yi ƙarko, zai riƙe injin wat 15 kusan awa 40, fitilar wat 60 kuwa ta shanye shi a awa 10. Kuɗin da ka so kai wa fitila, nan za su fara zuwa: batir da 'yar inbata, inji da fanka a kansu, fitila a wutar gari.

Fankar da nake nufi ƙarama ce da za ka kafa tana hura saman ruwan. Aikin randa ne, abin da ya tsattsafo ya bushe shi ke tafiya da zafi. Lita 1 da ta bi iska tana ɗauke zafin da zai sauke lita 200 da kusan digiri 3, kuma busasshiyar iskar Maris da Afrilu ta ƙware a wannan aiki. Nan kam mun fi mutanen Kwatano da Legas sa'a. In gabas ta fara haɗa hadari iska ta yi danshi, ƙarfin dabarar yana raguwa, sai ka ƙara sa ido a ƙarshen Mayu da Yuni. Sai dai ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Abin da ya ragu, da tataccen ruwan daɗi ake cikewa, kullum, kaɗan-kaɗan. Ka sa alama a gilashi, ma'aunin gishiri ya tsaya a 1.025. In na bokitin ya ƙare, kada wani ya ce maka kantun Bilma ko gishirin miya zai yi; ba zai yi ba. Ran da abu ya ɓaci, gorar ƙanƙara a rufe ruf tana taimakawa, a saka ɗaya-ɗaya. Amma in da fanka da komai ruwan ya ƙi sauka ƙasa da 29, saura kilim ko injin sanyaya ruwa, wannan kuwa kuɗi ne na kowane wata.

Ruwan ƙasan da kake gogewa kada ya tayar maka da hankali. Wata irin gansakuka ce da kusan kowane sabon akwati ke yi a watannin farko, tana cin sinadarin silika da ke cikin ruwa da sabon yashi, in ya ƙare ta ja baya. Haske shi kaɗai ba ya haifar da ita sai ya tarar da abinci a ruwa. Awa 18 ɗinka ne suka ba ta dama. In da ruwan garuwa kake haɗa gishirin, kullum ƙara mata abinci kake yi. Ruwan da aka tace da na'urar osmos ake so. Ka dai sani ƙananan na'urorin gida sukan zubar da lita 3 zuwa 4 kafin su ba ka 1, kuma a garin da ake bin ruwa da jarka, wannan tarewa ake a yi wanki da shi.

Saura maganar ƙanwata. A yadda na karanta wasiƙarka, ba kifin take ƙi ba. Abu uku ta lissafa, makaranta, wuta, ruwa, kuma duk ukun tana da gaskiya. Akwai na huɗu da ba ta faɗa ba: kai kana Dole daga safe zuwa magariba, ita ce a gida lokacin da wuta ke ɗaukewa, ita ke hana yara taɓa gilashi, ita ke zaune cikin zafin falon. An kawo mata aiki ba a shawarce ta ba. Kada ka jira ta sauko. Yau bayan isha'i ka same ta ka faɗa mata da bakinka ka fasa sayen duka biyun, ba tare da dogon bayanin murjani ba. Sannan ka ajiye mata lissafi a takarda: fitilar da ke kai yanzu kilowat 27 take ci a wata, sabuwar mai wat 50 a rabin ƙarfi na awa 8 kuwa 6 za ta ci. Ku yanke abin da akwatin zai riƙa ci duk wata bayan an fitar da na makaranta da cefane, in ya kai nan ya tsaya, ko me ka gani a intanet. Batirin ka sa a haɗa shi yadda zai riƙa karɓa da kansa, kada ta zama mai gadin inji. Littafin zafin ruwa kuwa ka ba babba a cikin yaran, shi zai cike maka na la'asar.

Masu rassan nan biyu ka ba su mako biyu zuwa uku a ƙasa. In ka haska da tocila da dare ka ga 'yan bakunansu na fitowa, da sauran rai, launi na iya dawowa cikin watanni in ruwan ya huce. In gansakuka ta hau farin ƙashin, sun tafi, ka cire su. Kada ka maye gurbinsu da komai sai littafin ya nuna ka ratsa Afrilu, Mayu da Yuni ruwan bai wuce 28 ba. In ya nuna haka, ka ƙara mai laushi ɗaya, irin wanda ake kira Sarcophyton, ko wani ɗan'uwan na wurinka. Za a yi maka tallan anemon, wata dabbar teku mai kama da fure da irin kifayenka ke fakewa a cikinta, a ce kifayenka ba sa rayuwa sai da shi. Suna rayuwa lafiya lau, shi kuwa haske mai ƙarfi yake so da tsohon akwati. Za a kuma nuna maka wasu masu kama da ƙananan furanni, Palythoa da Zoanthus, a ce ba su da wahalar haske. Haka ne, amma wasunsu na ɗauke da dafi mai tsanani da ke shiga ta ƙujewar hannu ko ta ido, ba shi da makari, ga yara a gidan. Waɗannan ko kyauta aka ba ka kada su shigo.